Kwanon Ciyayya

Unguwar Zariya, Maradi
30 ga Janairu, 1994

Zuwa ga Yaya Tahira, a Jiratawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin gulbi, yaya aikin garka? In kin leƙa Tsibiri ki gaishe mini da Inna, ki ce mata a riƙa gasa ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ɗan abin shi ne Ramatu. Tun da na yaye ta ta ƙi kumari. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, in na kama zan yi mata kitso sai ya biyo hannuna. Na kai ta awo, matar da ke ɗora yara a sikeli ta ce ba ciwo ba ne, abinci ne. A hankali ta faɗa, amma ji na yi kamar an mare ni. Ni Atika, da duk layinmu ke yabon girkina, a ce 'yata ta rame saboda abinci.

Kin san halin da ake ciki. Albashin malaman lakwal, makarantar boko ke nan, sai an manta da kamanninsa yake zuwa. Maigida, wanda har ni Mushe nake ce masa yanzu, yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, kullum yana goge rigarsa ya fita, yau karatu, gobe yajin aiki. Ga kuɗinmu sefa an karya darajarta, shinkafa da mai sun fi ƙarfinmu. A rediyo kuwa 'yan jam'iyyu na ta musu, ni ina tankaɗe ina saurare.

Amma ba kuka na kawo miki ba. Na zauna na duba inda cefanena ke zurarewa, na kuwa gano shi: kwanon ciyayya. Bayan magariba mazan layinmu suna zama a rumfar Alhaji Shaibu, ɗan kasuwar nan mai manyan motoci, kowa ya fito da kwanon gidansa, a buɗe a ci tare. A ƙauye zumunci ne, a nan ya zama gasa. Ɗan naman da muke samu da man saman miya duk can suke tafiya, don kada a buɗe kwanon Mushe kusa da na Alhaji a ga tsurar miya. A sauran gidaje kwano kan dawo da saura, yara su samu. Nawa kuwa tas yake dawowa kamar an wanke. Na maƙwabciyata Maman Lawali, da ba ta iya miya ba, kullum rabi yake komawa, ashe yaranta ne ke cin ribar.

Ga roƙona. Ki aiko mini da gyaɗa in soya in matse, man mu raba, ƙuli-ƙulin ya zauna a nan. Ki haɗo da wake da zogale. Sauran aikin ki bar mini, 'yar Inna ba ta rasa dabarar tukunya.

Taki ƙanwa,
Atika


6 ga Maris, 1994

Yaya Tahira,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa, yaya ibada? Allah ya karɓa mana. Kaya sun iso, Allah ya ƙara wa garka albarka. Ga manki nan a galan, da ɗan ƙuli na ɗanɗano.

Da kin ga gidan nan yanzu. Da safe ina dama wa yara kunun gero in zuba garin ƙuli. Da rana faten wake da zogale, ko ɗanwake. Da dare tuwo da miyar ganye mai kauri, daddawa ta ji. Na daina sayen dunƙulen ɗanɗano da burodi, ba wanda ya mutu. Yayyen Ramatu biyu har sun fara cika wandunansu. Ramatu ma ta daina raguwa a sikeli, sai dai ba ta ƙaru ba. Mai awon ta ce yarinyar ta yi nisa, ganye da wake suna riƙe ta, amma a ƙara mata da ɗan nama ko hanta a kai a kai.

Na sami Mushe da maganar, cikin ladabi, bayan ya sha ruwa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce mini mutumin da yara ke miƙe masa tsaye a aji, alhali bai iya sayen takalmi, abin da ya rage masa a idon maza shi ne kwanon nan. Ya ce in yi haƙuri albashi ya fito. Na tausaya masa, Yaya, don ba mugu ba ne, kunya ce ke cin sa. Amma cikin Ramatu ba ya jiran albashi.

Sai na yi wata dabara da za ki yi mini dariya a kanta har ki gaji. Na ce tun da daɗin girkina ne ke hana kwano dawowa da saura, bari in rage daɗin. Na zabga wa miyar barkono, irin wanda ni kaina sai da na yi atishawa. Dabara ta ci: kwano ya dawo da yanka biyu a ciki. Na ɗauraye ɗaya, na yayyaga na sa wa Ramatu a baki. Yajin ya riga ya shige cikin naman. Ta tsala ihu, ta yi ta goge harshe, har kunun da take sha ta ƙi a ranar. Na rungume ta na yi kukan da ban yi ba tun farkon wannan wahala. Mushe kuwa cewa ya yi mazan sun tambaya ko lafiya hannuna yake.

Na gane hanyar ɓoye ba za ta yi ba. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Atika


12 ga Afrilu, 1994

Yaya Tahira,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi salla lafiya, yaya zafi, yaya yara? Ki yafe mini shirun, gidan ne ya ɗan yi nauyi.

Na aikata. Ran Juma'ar da ta gabaci wadda ta wuce na dafa ɗan naman ya yi ligib, na marmasa shi a faten Ramatu, na raba romon ga yayyenta. A kwanon ciyayya kuwa na zuba abin da muke ci: tuwon gero, miyar ganye, da kwaɗon zogale a gefe. Na rufe, na ɗora faifai. Ban gaya masa ba. Ya ɗauka ya fita yana kafa hula.

Abin da ya faru a rumfa daga bakin Maman Lawali na ji, ita kuma daga mijinta Maliki tela. Wai da aka ɗaga murfi sai kowa ya zuba wa kwanon ido. Alhaji ya leƙa, ya tambaya ko Mushe ya koma jam'iyyar awaki ne, aka fashe da dariya. Kafin a tashi an laƙa masa Mushe Zogale.

Ya dawo ya ajiye kwanon a bakin ɗaki. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daina yi mini magana sai gaisuwa, ya kuma daina fita ciyayya. Na tsorata, ba zan ɓoye miki ba, har na fara tunanin abin da zan ce wa Inna in aka aike ni gida. Amma ko a lokacin, in da za a mayar da ni ranar, abin da na zuba shi zan sake zubawa.

Sai dai akwai abin da ban hango ba. Da ya daina fita, dole ya ci abincin dare a tsakar gida. Ashe tun da muka yi aure bai taɓa ganin yadda yaransa ke cin na dare ba, kullum lokacin yana rumfa. Yana zaune a tabarma yana kallo, Ramatu na cin fatenta da hannu bibbiyu, tana lashe kwano tana neman ƙari. Ran nan ta taso ta zauna a cinyarsa. Ya shafa kanta, sai ga jan gashin a tafinsa. Ya daɗe yana dubansa.

Washegari da magariba ya ce in zuba masa. Na zuba irin namu. Ya ɗaga murfin a gabana, ya duba, ya mayar, ya gyara hula ya fita.

Ki ƙaro zogale. A gaida kowa.

Atika


17 ga Mayu, 1994

Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Yaya shirin babbar salla, yaya gyaran gona? Allah ya ba mu damina mai albarka. Ina jikin Inna?

Sunan nan ya bi Mushe har lakwal, kuma yanzu amsawa yake. Alhaji bai daina zolaya ba, amma Maliki ya ce Alhajin ne ke fara kai hannu a kwaɗon. Kwanona dai har yau tas yake dawowa, ki shaida ba nama ne sirrin ba. Mako bai cika ba da komawar Mushe rumfa kwanon Maliki ya fito da wake zalla, bayansa na wasu gidaje biyu. Maman Lawali ta shigo koyon miyar ganye. Ina koya mata, amma hannu sai Allah.

Shekaranjiya aka biya malamai albashin wata ɗaya. Mushe ya shigo da hanta a takarda. Na tambaye shi nawa zan sa a kwanon waje, ya ce abin da yara suka rage. Ba su rage ba.

Sikeli ya hau sau biyu a jere. Amma ni ba shi nake so in gaya miki ba. Jiya na zaunar da Ramatu tsakanin ƙafafuna, na raba gashinta da tsinke. Daga tushe baƙi ne wuluk, jan ya koma can baki-baki. Na kama na kitsa, ina jiran ya biyo hannuna, ya ƙi. Layi shida na yi mata, ƙanana, duk sun zauna.

In za ki zo salla ki taho mata da 'yan duwatsun kitso, yanzu akwai inda za a ɗaura su.

Wassalam. Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Atika