Inna Ta Ƙi Hawa Kadarko

Zuwa ga Yaya Namadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali can Fatakwal, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan Gummi lafiya lau, sai ciwon gwiwar Inna da ke tashi duk sanda hadari ya haɗu. Ƙanwarmu Safara'u ta sauka, an samu ɗiya mace.

Ka tuna magangarar nan ta kusa da tsohuwar rugarmu, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse da damina har ba a jin kukan shanu? To, an yi mata kadarko, Yaya! Na ƙarfe, ya sha fenti da zanen furanni, siriri, ko maraƙi ba zai bi ba. Samari sai hawa suke suna ɗaukar hoto. Ranar Asabar autanmu Musa ya kai mu a mota, don Inna ta daɗe tana son ganin kufan rugar da ke ƙetare kafin ƙafa ta gagare ta. Wallahi ina jin ƙarar ruwan sai ƙwalla. Dutsen da muke wanke ƙwaryar nono yana nan yadda ka bar shi.

Muna isa bakin kadarkon sai Inna ta cire takalmi ta ɗora a ka, ta tattare zane kamar za ta shiga rafi, ta tsaya cik. Musa ya yi ta dariya, ya ce ai ruwa ba zai taɓa ta ba. Ta ce tun rasuwar mahaifinmu Baffa ba ta taɓa ƙetare ruwan nan ba sai kana gaba da sanda kana gwada zurfi. Musa ya ce shi zai shiga gaba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce lokacin yana goye, ina ya san halin wannan ruwa? Haka ta zauna bisa dutse tana kallon tsamiyar rugar daga nesa har la'asar, muka juyo.

Yaya, gwiwar nan kullum ƙara nauyi take, ni kam tsoro nake ji. Inna ta sa na ciro sandar Baffa daga bayan randa, ta shafa mata man shanu ta jingine bakin ƙofa. Don Allah ka taho ka ƙetarar da ita.

A gaida Hindu da Nusaiba, da su Shamsuddeen.

Ƙanwarka,
Dija