'Yan Shelar Baba Ba Su Yi Kuka Ba

Bakori, Jihar Katsina.

Zuwa ga yayana, Yaya Maitama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ƙanwa ga yayanta, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk mutanenmu da ke nan Kalaba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa kasuwa albarka, ya tsare ku a wannan nisan duniya. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Gwaggo Tsohuwa ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kaji masifa, ka kuwa san in ta fara haka ta warke ke nan. Matar ƙanenmu Awaisu ta yaye Yasmin. Damina ta zauna, masara ta yi kyau ko'ina daga nan har hanyar Funtua. Na ba Mati direba takardar nan saboda maganar Baba ce, kuma ba zan iya faɗinta da baki ba tare da kuka ya ci ƙarfina ba.

Ka san tun da idon Baba ya rufe, aiki ɗaya ya rage masa a gidan nan, shi ne ya ce a fita shuka. Ba ya duba komai sai kunnensa. Yakan shimfiɗa buzu a ƙofar gida bayan magariba, ya juya fuska wajen kududdufin bayan gida, ya yi kasaƙe. Kwaɗin tsakar gida ba sa gabansa, ya ce su ko ruwan wanki aka zubar sai su cika mutane da surutu. Burduddugi ma ya ce maƙaryaci ne. Waɗanda yake jira su ne ƙananan nan masu tumbi, da ke binne kansu cikin ƙasa duk rani, masu kuka kamar ana ɗiga ruwa a tulu, waɗanda ya raɗa wa suna 'yan shela. Ya ce ba sa fitowa sai ruwa ya ratsa ƙasa har inda suke kwance. Ranar da suka yi kuka, da safe sai ka ji yana buga sanda a ƙofar ɗakin Awaisu yana cewa a fito da iri. A ranar nan, Yaya, sai ka rantse ba makaho ba ne.

Ka tuna dukan da ka sha ranar da ka datse bida da fartanya, ka taho da gudu kana ihu wai ka kashe maciji mai kai biyu? Kai da ake ce wa jarumi, ɗan abin da bai fi tana kauri ba ya sa ka yar da hula. Baba ya ce ba ta da ƙafa, ba ta da idon kirki, ba ta cizon kowa, gara kawai take ci mana a ƙarƙashin ƙasa, in garma ta tono ta sai a mayar a rufe kafin rana ta kashe ta. Bayan ya makance har ba'a yake yi, wai bida ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

To bana 'yan shela ba su yi kuka ba. Wanda ya sayi filin bayan gida ya cike kududdufin da ƙasa tun rani, zai gina wurin ajiye hatsi. Wasu kuma sun ce maganin feshi ne da kowa ke zubawa yanzu, har da Awaisu, tunda ba wanda ke iya noman hannu kamar da. Ni dai ban sani ba. Ruwa ya sauka, ya sake sauka, maƙwabta suka shuka, Baba ya ce mu dakata, wannan ruwan yaudara ne, bai shiga ƙasa ba, duk wanda ya zuba iri zai yi da-na-sani. Ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa babu kududdufin ma gaba ɗaya. Da Awaisu ya ga lokaci na wucewa, ya zo ya same ni a madafi idonsa jawur, ya ce in ba shi shawara. Na ce ya je ya shuka, amma kada Baba ya ji.

Tun daga nan gidan ya zama gidan raɗa. Awaisu sai ya wanke ƙafa a rijiya kafin ya shigo gaida shi, don kada ya ji ƙamshin laka. Baƙo in ya yi sallama, sai in riga shi bakin zaure in ja masa kunne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Baba ya ɗauka shekarar ta ɓaci. Ya ce in rage awon tuwo. Da na ƙi, sai ya rage nasa, yana turo mini kwano da rabi wai ya ƙoshi, a ajiye wa yara. Mu da muka san gona ta yi kore shar, muna kallonsa yana ramewa saboda yunwar da ba ta zo ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya ce in ja shi zuwa gona ya taɓa ƙasar da hannunsa. Na kawo dalilai har suka ƙare, ya ce ko in kai shi ko ya tafi shi kaɗai. Na riƙe masa sanda muka tafi, Awaisu na biye da mu kamar wanda za a kai gaban alƙali. Muna shiga, ganyen masara ya shafi ƙirjinsa. Ya tsaya. Ya kama ganyen ya murza, ya bi karan da hannu har gindi, sannan ya durƙusa ya tura hannu cikin ƙasa, ta kuwa jiƙe sharkaf. Na jira faɗa, wallahi da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya tambayi Awaisu ko garma ta tono bida bana. Awaisu ya ce ko ɗaya, bara ma bai gani ba. Ni kuma na gaya masa maganar kududdufi. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce mun kyauta, da mun jira shi da ya kashe gidan da yunwa. Ya sa mana albarka, ya ce daga yau kada a sake tambayarsa maganar shuka.

Yanzu yana cin abinci, amma ya naɗe buzun, ba ya fita ƙofar gida. Ya yi sallah, ya kwanta, ya juya wa bango fuska. Ban san me zan yi masa ba, Yaya, kuma raina ya ƙi kwanciya.

Ka gaida Yaya Shafa'atu da kyau, da Zubair, da uwata Aisha Humaira, ka ce wa Yaya Shafa'atu ina nan da alkawarin daddawa. Gwaggo Tsohuwa da Awaisu da Malam Shitu maƙwabcinmu duk suna gaishe ku.

Jiya na ce wa Baba zan rubuto maka, ko yana da saƙo. Na zaci zai ce ka zo gida. Sai ya ce ya ji an ce garinku ruwa ba ya yankewa. In har kwaɗi na kuka a can, ranar da aka yi ruwa mai yawa ka je bakin fadama ka kira wayar Awaisu. Ya ce ba sai ka gaishe shi ba, ka dai miƙa wayar wajensu ka yi shiru.

Don Allah kada ka ja lokaci.

Taka ƙanwa,
Raudatu.