Gwiwar da Ban Gani Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da yara, kuma ƙafar nan taki ta yi sauƙi. Bayan haka, takardarki ta iso ni. Na karanta ta sau biyu, na biyun a tsaye.

Kin ce in ji tsoron Allah in sa hannu a lissafin mijinki, kada in kunyata shi a masana'anta. Ai tsoron Allah ne ya hana ni, Auta. Tunda shi bai yi miki bayani ba, bari ni in yi.

Sabon tankin da yake son a kunna ranar Litinin yana da bawul a samansa. Idan matsi ya yi yawa a ciki, bawul ɗin ne zai buɗe ya saki tururi don kada tanki ya fashe. Tsakanin tanki da bawul akwai bututu, kuma tururi yana rage ƙarfi a cikinsa: tsawo ya ci nasa, kowace gwiwa ta ci nata. Ƙa'ida ita ce kada abin da aka rasa ya wuce kashi uku cikin ɗari. In ya wuce, bawul zai buɗe, ya ji matsi ya ragu, ya rufe, ya sake buɗewa, yana ta kaɗawa kamar haƙoran mai zazzaɓi har ya farfasa kansa.

Mijinki ya lissafa ya sami biyu da rabi. Lissafi tsaf, sai dai na bututun da ke kan zane ne: mita biyu, a miƙe. Ni kuwa na kifa hular kwano a kan ɗankwali, na hau tsani da tef. Ashe masu walda sun tarar ƙarfen rufi ya tare musu hanya, sai suka kewaya, ba wanda ya gyara zane. Mita tara na auna, gwiwa huɗu. Kashi bakwai, Auta!

Da na faɗa a taro, sai ya yi wa manaja murmushi, wai ai Yaya tun a gida haka take, ko gishirin miya sai ta auna. Aka kwashe da dariya. Shekara ashirin da biyu ina duba lissafin injiniyoyi, yau na zama abin nishaɗi a bakin wanda ni na koya wa riƙe tef.

Na san ƙarin girmansa ya rataya a kan Litinin ɗin nan. Amma mutum shida ne ke aiki a ƙarƙashin bawul ɗin, kuma ranar kunnawa shi ne na bakwai. Na fi so ki yi fushi da ni da in zo miki ta'aziyya. Ba zan sa hannu ba. In sun sami wani mai arahar sa hannu, su je.

Ki shafa mini kan yara.

Yayarki.

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya, kuma fushi bai hana ki cin abinci ba. Ban ga amsarki ba, amma na ga alamarta.

Ban san abin da kika gaya wa mutumin naki ba. Ranar Asabar da safe sai ga shi a ofishina, ko gaisuwar kirki babu. Ya ɗauki takardata da jan birona ya fita. Ta taga na hango shi can sama da tumbinsa, yana ɓare rufin da aka naɗe bututun da shi.

Manaja kuwa ya riga ya samo wanda zai sa hannu a madadina. Litinin aka taru, an jera kujeru, har da mai hoto. Mijinki ya miƙe ya ce ba za a kunna ba. Manaja ya zazzaga masa faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, ya ce ƙarin girma kuma sai wata shekara, in ma akwai. Mijinki ya tsaya a kan bakansa. A nan har na yi niyyar yafe masa maganar gishiri.

Sai ya juyo ya miƙo mini takardata a gaban kowa, ta sha jan biro. Wai Yaya ta yi kuskure: akwai gwiwa ta biyar a bayan ƙarfen rufi, wadda rufin bututu ya ɓoye. Ba bakwai ba ne, takwas ne. Na sake lissafawa sau uku ina neman inda zan kama shi. Takwas ne.

An yanke bututun jiya, bawul zai koma kusa da tanki. Mijinki zai dawo miki da ƙafafunsa, babu sabon muƙami. Ki dafa masa abin da ya fi so, kada ki auna gishiri.

Ki kuma gaya masa ya dawo mini da birona.

Taki har kullum,
Yayarki.