Kwalbar Mista Otto

Staten Island, New York
16 ga Yuli, 1976

Zuwa ga Yaya Hussaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Rabi'u da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya lau. Fatsuma ta yi wayo, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci.

Yaya, tsohon nan da nake jinya a gidansa, Mista Otto, ya rasu wancan makon. Kunya ta hana ni gaya miki sana'arsa: kamfanin giya ne ya gada tun daga kakansa. Ya ce shi ya so ya zama likita, amma da yake shi kaɗai ne ɗa namiji, ba wanda ya tambaye shi. Shekara talatin da biyar yana riƙe da wurin, har manyan kamfanoni suka kwashe masa kasuwa, bara aka rufe. Har ya mutu yana kiran sunayen ma'aikatan da ya sallama.

Saura kwana uku ya cika, ya sa na ɗauko wata kwalba a firji. Yis ne a ciki, irin da kakansa ya taho da shi daga Jamus. Da shi ake tayar da giyar, kamar yadda Inna ke rage kindirmon jiya ta zuba a sabuwar madara. Ya ce shekara ɗari ana ba shi ruwan sukari kowane mako, bai taɓa mutuwa ba, kuma 'ya'yansa ba mai so. Ya roƙe ni in riƙe shi da rai. Kin san ni, in babba na magana "to" ke fita kafin in yi tunani. Ita na ce masa. Ya taɓa tambayata ma'anarta, don in huta na ce masa amincewa ce. Sai ya kama hannuna yana hawaye, yana godiya. Ta ina zan warware?

Yanzu kwalbar na firjina, kusa da kullun koko. Baban Fatsuma ya ce lallai kwalbar ta bar gidan kafin azumi, kuma gaskiyarsa. Na buga wa 'yar marigayin waya, ta ce in zubar. Na ɗauki kwalbar har cikin jirgin ruwan da ke tashi daga unguwar St. George da niyyar jefawa a teku, na je Manhattan na dawo tana cikin jakata. In na riƙe, tushen giya nake reno. In na zubar, na ci amanar mamaci. Wallahi na rasa yadda zan yi. Don Allah ki tambayar mini Kawu Dikko a ɓoye, kada Inna ta ji.

Ki gai da Inna, da Kawu, da Gwaggo Aminatu, da Alhassan. Ki hanzarta da amsa. Jiya da zan zuba wa yis ɗin ruwan sukarinsa, bisimilla ta zo bakina, na tsaya da cokali a hannu, ban san ko in faɗa ba.

Taki ƙanwa,
Indo