Kahi da Maɗaci Itace Ɗaya Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Bayokemistiri na Jami'a,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin dabbobi ne a Tudun Wada, kuma na ji daɗin zama da mutanenka ƙwarai. Ƙorafina ɗaya ne, amma zan kawo shi kashi uku.

Na farko. Daminar bara na raka malaminku Dakta Garba rugar Arɗo Buba a Doguwa, domin ya binciki garin ɓawon itacen da Arɗo ke ba shanu idan tsutsar ciki ta kama su. Dakta mutumin kirki ne, a tabarma ya zauna ya sha fura. Ya tambayi sunan maganin da Hausa, aka ce maɗaci, aka cika masa buhu.

Na biyu. Da kaka sai ga Dakta Rabi a rugar, ita ma daga sashenku, a motarta fijo. Ba ta nemi ɗan rakiya ba, don tana jin Fillanci. Ta tambayi sunan maganin da Fillanci, aka ce mata kahi, ita ma aka cika mata buhu. Tun daga nan kowannensu ya aiko sau biyu a ƙaro.

Ranka ya daɗe, kahi da maɗaci itace ɗaya ne, kuma guda ɗaya tak ya rage kusa da rugar. Arɗo ba zai iya ce wa baƙo a'a ba, kunya ba za ta bar shi ba. Yanzu gefe ɗaya kawai ke da ɓawo. In aka saɓule shi, itacen ya mutu, shanun sun rasa magani.

Na uku. Watan jiya na zo sashenku ban same su ba. Na bar takarda wajen masinja, har yau shiru. Amma na ga ofisoshinsu, ƙofa na kallon ƙofa. Wallahi sai da na yi dariya, ko da yake abin ya dame ni.

Roƙona, ka zaunar da su su haɗa aikin, buhun da ke hannunsu ya ishe su. In sun gama, su zo su gaya wa Arɗo abin da suka gano, yana tambayata kowace ranar kasuwa. Daga jami'a zuwa Doguwa tafiyar yini ce. Daga ƙofar Dakta Garba zuwa ta Dakta Rabi kuwa taku huɗu ne, na auna da ƙafata.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci sashenka.

Wassalam.

Naka,
Malam Sule mai allurar shanu,
Tudun Wada.