Sunayen da ke Bayan Hoto

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ya yara?

Ni ƙalau nake, ina nan ina goge filin ƙwallon kwandon da na yi tashe a cikinsa. 'Yan wasan yanzu sai jifa daga nesa, mu kuwa sai mun sha gwiwar hannu kafin mu kai kwando. Jiya suka tambaye ni abokan wasana. Yaya, shekara tara muna tare, ko sunan mutum ɗaya ban tuna ba. Likita ya ce abin ƙaruwa zai yi.

Don girman Allah, ciro hoton ƙungiyarmu na ɗakin Inna, akwai sunayenmu a bayansa. Ka ce mata gilashin za a sake. Ka aiko da wuri, tun ina gane kaina a ciki.

Ƙaninka