Baba, Na Sayar da Labarin Hularka

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na zo da ƙara, kuma kaina na kawo ƙara.

Ina tuna ka a kan teburin mai nama ranar kasuwa, ba takarda, ba lasifika. Kana kiran mutane da sunan kakanninsu, ka sa su dariya har su riƙe ciki, sannan ka faɗi alkawari guda ɗaya tak. Sai ka cire hularka ka miƙa wa dattijon garin, ka ce, "Ku riƙe. Ran da na cika, na zo na karɓa." Wata bakwai ka yi kai ba hula saboda rijiya ɗaya, Inna tana cewa ka mai da mu abin nuni.

Baba, tun da gwamnatin nan ta tsuke bakin aljihu aka rufe laburaren da nake aiki a Manchester. Ina zaune a unguwar Longsight ba abin yi, sai aka ce wani ɗan takara daga gida zai yi wa ɗalibai jawabi a Birmingham, yana neman mai rubuta masa. Na karɓa. Da na rasa abin da zan sa a bakinsa, na ba shi labarin hularka.

A unguwar Selly Oak ta Birmingham ya karanta jawabin daga waya, yana tuntuɓe a kan kalmomin da bai taɓa ji a ransa ba. Alkawari goma sha ɗaya! Ya cire hula ya miƙa wa shugaban ɗalibai. Aka tafa, wata ma har da hawaye.

Da muka fito direbansa ya buɗe but ɗin mota. Kwali na gani cike da huluna iri ɗaya, masu araha. Saura gari huɗu, in ji direban. Na ji ƙyamarsa, na fi jin ƙyamar kaina.

Hularka ta ƙarshe tana can hannun mutanen da ka yi wa alkawarin asibiti. Bara na roƙa su ba ni, suka ce ba a gina ba tukuna. Na yi fushi a lokacin. Yanzu na gode musu, gara tana wurinsu da a ce tana wurina.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini, Baba.

'Yarka,
Ladidi